Kwalbar gwajin hayaƙi a lagireto: abin da take kamawa da abin da yake wuce ta

Tsohuwar mota ta fara shan ruwa. Duk kwana uku ko huɗu sai an ƙara mata rabin lita, an leƙa ƙarƙashinta kuma ba ɗigo ko ɗaya. A gareji da yawa, kafin a gama ɗaga bonet an riga an yanke hukunci: tof gasket ya ƙone, a sauke kan inji. Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma murfin lagireto ne ya gaji, ko kilif ɗin wani tiyo ya saki, sai a biya kuɗin gasket, a biya na kankare tof silinda, a biya na aiki, mota ta dawo gida tana shan ruwanta yadda ta saba.

Domin raba wannan gardama aka yi kwalbar gwajin hayaƙi, wadda masu sayar da kayan aiki suke kira bulok testa. Hukuncinmu a kanta shi ne: duk garejin da yake taɓa inji ya kamata ya ajiye ta, domin kuɗinta bai kai na buɗe inji sau ɗaya ba. Sai dai tambaya guda kawai take amsawa, kuma waɗanda suka ɗora mata nauyin da ya wuce wannan su ne suke dawowa suna cewa ba ta aiki.

Kayan ba su da yawa. Kwalba ce doguwa ta roba mai haske, ƙasanta da toshi mai tsini wanda yake zama a bakin lagireto, samanta da abin zuƙo iska, sai gorar wani shuɗin ruwa. Sinadarin da ke cikin ruwan, bromothymol blue, yana sauya launi idan ruwan ya yi tsami. Hayaƙin da injin fetur yake fitarwa yana ɗauke da iskar CO2 kusan kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, alhali a iskar da muke shaƙa ba ta wuce kashi 0.04 ba. Idan gasket ya huje tsakanin silinda da hanyar ruwa, hayaƙin nan yana kutsawa cikin ruwan, ya taru a saman lagireto. Da aka zuƙo shi ya ratsa shuɗin ruwan, CO2 ta narke a ciki ta mai da shi mai tsami, launi ya tashi daga shuɗi zuwa kore, daga nan zuwa rawaya. Ba batir, ba kwamfuta.

Iri biyu ne suka fi yawo. Akwai mai ɗaki ɗaya, irin Lisle 75500, wadda ake haɗa tiyonta da layin zuƙar iska na injin ko da famfon hannu. Akwai mai ɗaki biyu, irin UView 560000, mai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu kamar na awon hawan jini. Sai tarin marasa suna da suke kwaikwayon waɗannan. Mai ɗaki biyu muka fi so, kuma dalilin a fili yake: ruwan lagireto yakan yi tsalle ya shiga kwalba yayin gwaji, ya gurɓata ruwan gwajin. A mai ɗaki biyu, ɗakin ƙasa ne yake karɓar wannan ɓarna, na sama kuma ya ci gaba da ba da amsa mai tsabta. Mai amfani da zuƙar inji tana hutar da hannu, amma zuƙar tana da ƙarfi, idan ba a rage ruwan lagireto sosai ba cikin ƙiftawar ido za ta janyo shi. A marasa suna, abin dubawa kafin biya shi ne toshin ƙasa. Idan robar ta yi tauri kamar tayar da ta sha rana, ba za ta rufe bakin lagireto ba, iskar waje za ka yi ta zuƙowa, ruwa ya zauna shuɗi, ka sallami mota mai ciwo.

Yadda ake gwajin shi ne inda yawancin kuskure yake, don haka a nan ya kamata a tsaya. Da sanyin inji ake buɗe murfin lagireto, ba da zafinsa ba, domin zafin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan wuce maki 100 a ma'aunin Celsius kuma yana feshi har fuska. A zuƙe ruwan ya sauka kamar santimita 5 zuwa 8 ƙasa da bakin, don a sami sararin da hayaƙi zai taru. Motar da ba ta da murfi a jikin lagireto, irin su Golf da Sharan, a tankin roba mai murfin matsi ake yi. Amma a Toyota da Honda masu murfi a lagireto, kada a yi a ƙaramin tankin rara na gefe, domin a buɗe yake ga iskar waje. A tayar da inji a bar shi a silo har tamostat, wato ƙofar da take sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe. Za a gane haka idan tiyon sama ya yi zafi ruwa kuma ya fara gudana, a Toyota da yawa wajen maki 82 ne. Ruwa yana kumbura da zafi, saboda haka a sake duba sararin nan, idan ya cike a ƙara ragewa. Sannan a zuba ruwan gwaji daidai layin da aka zana, a dafe toshin da kyau, a yi ta matsa ƙwallon a hankali na minti ɗaya zuwa biyu. A sa wani ya taka totur da ƙarfi sau uku ko huɗu ya saki, domin ƙaramin huji ba ya buɗe baki sai matsin cikin silinda ya ƙaru.

Kafin duk wannan, a gwada ruwan gwajin kansa. A zuba kaɗan, a zuƙo numfashin mutum ta cikinsa. Numfashi yana da CO2 kusan kashi 4 cikin ɗari, ya isa ya juya launin. Idan bai juya ba, ruwan ya mutu, a zubar. Wannan ma gargaɗi ne ta ɗaya gefen: kada mai gwaji ya sunkuya yana huci a kan kwalbar, kada a yi gwajin a lungun da janareto yake aiki ko wata mota take tura hayaƙi. Iskar wurin kaɗai za ta iya rina ruwan, a ɗora wa gasket laifin da bai yi ba.

Rawaya a gwajin da aka yi da tsabta abin yarda ne: hayaƙi yana shiga ruwa. Amma kwalbar ba ta faɗin ta ina. Gasket ne ya fi yawa, sai dai tsagewar tof silinda ko ta bulok ɗin kansa launi ɗaya suke bayarwa. Kore mai duhu a injin fetur na nufin a zubar a sake da sabon ruwa, a ƙara tsawon lokaci. A injin dizal kuwa kore shi ne amsar da aka saba gani, domin dizal a silo yana zuƙar iska fiye da abin da yake ƙonawa, CO2 ɗinsa ta yi ƙaranci. Akwai ruwan gwaji na dizal daban, wanda ya fi dacewa ga masu aikin manyan motoci. A dizal na zamani kuma, na'urar da take sanyaya hayaƙin EGR, wato hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, idan ta huje ita ma tana tura hayaƙi cikin ruwa, kan inji kuwa lafiya lau.

Shuɗi ne abin tsoro, domin mutane suna ɗaukarsa a matsayin wanke laifi. Gasket ɗin kai yana raba abubuwa huɗu ne: wutar silinda, ruwa, baƙin mai, da waje. Zai iya hujewa tsakanin silinda da ruwa, ko tsakanin ruwa da mai, ko tsakanin silinda biyu maƙwabta, ko ruwa ya tsiyaye waje ta gefen bulok, ko mai ya tsiyaye. Cikin waɗannan biyar, ta farko kaɗai kwalbar take gani. Ita ma ta farkon, idan hujin ƙarami ne, ba ya bayyana sai mota tana hawan tudu da kaya da rana tsaka, a gareji kuwa ya rufe bakinsa. Akwai ma wanda yake yin akasin haka: ba ya tura hayaƙi cikin ruwa, sai bayan an kashe inji, matsin lagireto ya tura ruwa kaɗan-kaɗan cikin silinda. Irin wannan motar da safe takan tashi tana rawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta daidaita, kwamfuta ta nuna lambar da ke cewa silinda ba ta kama wuta daidai, P0300, ko ta silinda guda, P0301 zuwa P0304. A cire fulogi, wanda ya fi sauran fari da tsabta kamar an wanke shi, silindarsa ce take shan ruwa, tururi ne ya goge shi.

Saboda haka kwalbar ita kaɗai rabin kaya ce. Abokin tafiyarta shi ne famfon gwajin matsi, wanda ake ɗaurawa a gurbin murfin lagireto, kuma idan kuɗi ɗaya ne a hannu, famfon za a fara saya, domin yawancin ruwan da yake ɓacewa waje yake fita ba cikin inji ba. Ana cika ruwa, da sanyin inji a buga iska har lambar da aka rubuta a kan murfi, 0.9 ko 1.1 bar (ma'aunin matsi) a yawancin Toyota da Honda, na Volkswagen yakan ɗara haka. Kada a zarce lambar, tsohon lagireto mai kan roba zai iya fashewa a hannunka. A bar shi minti 15 zuwa 30 ana kallon allura. Idan ta sauka, a ɗauki tocila a bi: inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam, bakin kowane tiyo, ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon ruwa wanda yake tsiyaya idan sil ɗinsa ya mutu, gidan tamostat, da marufan ƙarfe masu kama da kwandala da ke jikin bulok, waɗanda tsatsa take cinyewa daga ciki. Ɗigon da yake faɗa wa ƙarfe mai zafi yana bushewa kafin ya kai ƙasa, abin da yake bari kawai farin gari ne ko alamar launin ruwan. A ɗaga kafet ɗin gaba ma a taɓa. Ƙaramin lagireton hita yana bayan dashbod, kuma ko ba a kunna hita shekara goma ba, a motoci da yawa ruwa yana bi ta cikinsa kullum.

Idan allura ta sauka kuma waje a bushe, a cire fulogi duka, a bar matsin ya kwana, da safe a leƙa ramukan da ƙaramar kyamarar da ake haɗawa da waya. Ruwa a kan fistin ya gama magana. Kuma kada a yi wa inji ki da fulogi a ɗaure alhali ana zargin ruwa ya taru a silinda: ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Shi murfin ma a gwada shi, famfon yana zuwa da mahaɗin yin haka. Ruwa zalla yana tafasa a maki 100, amma ƙarƙashin matsin bar 1 sai ya kai wajen 120, idan kuma an gauraya shi rabi da rabi da kulant, wato sinadarin ruwan lagireto na gora, ya ƙara haurawa. Murfin da sifirin ɗinsa ya saki yana barin ruwa ya tafasa da wuri, ya tura shi tankin rara, ya malale a hanya. Direba ba ya gani, sai dai ya ga ruwa yana raguwa. Wannan ƙaramin abu ya sa an sauke kan injuna da yawa.

Alamomin da aka saba dogara da su a bakin gareji suna da amfani, amma kowacce tana da ƙaryarta. Farin hayaƙi da sanyin safiya lokacin hunturu raɓa ce da ta kwana a salansa, yana ɗaukewa bayan 'yan mintoci. Na gasket yana da kauri, ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, kuma idan da kulant a motar yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Farin kumfa kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai yakan fito a motar da ba ta yin doguwar tafiya. Sandar awon mai ta fi gaskiya, kuma abin da ya fi ta shi ne a bar mota ta kwana, a sassauta notin zubar da mai kaɗan: ruwa ya fi mai nauyi, idan yana ciki shi zai fara ɗigowa. Mai a cikin lagireto kuma ba lallai daga gasket ba. Motoci masu giyar otomatik da yawa suna sanyaya man giya a cikin lagireto, bututun ya huje su gauraya, abin da ya yi ƙaurin suna a Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010. A injunan Volkswagen masu na'urar sanyaya baƙin mai a gindin filta, ita ma takan haɗa su. Kumfa a bakin lagireto bayan an sauya ruwa sau da yawa iska ce da ba a fitar ba. A nan kwalbar take nuna darajarta sosai, domin ido ba ya bambanta kumfar iska da ta hayaƙi, ita kuwa tana bambantawa. Alama guda da ba ta cika yaudara ba: a tayar da inji da sanyi, idan tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun ruwa bai ɗumama ba, matsin daga silinda yake zuwa.

Sanin motar ma yana rage wahala. Camry mai injin 2AZ-FE na lita 2.4, musamman na 2002 zuwa 2006, an san shi da ciwon da zaren notukan kai yake zamewa a cikin bulok ɗin alminiyam, ta bayan inji, ƙarƙashin bututun shigar iska. Ruwa yana tsiyaya ta can inda ido ba ya kaiwa, kwalba kuma za ta iya zama shuɗiya. Sauya gasket kaɗai a irin wannan inji zubar da kuɗi ne, sai an dasa sabon zaren ƙarfe a ramukan. Honda Civic mai injin 1.8 na 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da tsagewar bulok, har kamfanin ya tsawaita garantin injin a Amurka. A Golf 3 kuwa, kafin a ambaci gasket a fara duba mahaɗin roba da ke gefen tof silinda, wanda zafi yake gasawa har ya tsage.

Idan kwalba ta yi rawaya, saura a san wace silinda. Awon matsin silinda yana taimakawa: a Toyota da yawa ba a son ya gaza bar 10, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce bar 1. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Amma ƙaramin huji zuwa hanyar ruwa ba ya rage matsi yadda za a gani. Abin da ya fi kama shi shi ne a kawo fistin sama da bawul a rufe, a tura iskar kwamfreso ta ramin fulogi, a zuba ido a bakin lagireto. Silindar da ta sa ruwa ya yi kumfa ko ya taso, ita ce.

Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, kusan kullum zafi ne ya riga shi. Fanka ta mutu, lagireto ya toshe da laka da gishirin ruwan rijiya, famfon ruwa ya cinye fukafukansa, aka ci gaba da tafiya allura tana ja. Tof silinda na alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da bulok ɗin ƙarfe, ya banƙare, ya daina danne gasket. Wanda ya sa sabo bai gyara abin da ya kawo zafin ba, zai sake saye. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ɓoye ciwon take yi: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma a wasu injunan rashin tamostat yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi lagireto sosai ba. Ruwan famfo zalla kuma shi ne yake cin marufan bulok da bakin gasket, kulant ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, maganin tsatsa ne. A dai kula da shi, guba ne mai zaƙi, wanda aka zuƙe lokacin gwaji kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yara ko awaki za su kai.

In an kai ga buɗewa, a aza miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar tof silinda, a tsaye da a karkace, a zura fila geji, wato siraran ƙarafan awon tazara, a ƙarƙashinsa. Iyakar banƙarewa a injunan Toyota da yawa milimita 0.05 ce, a Volkswagen 0.1. A auna fuskar bulok ma, a kai tof silinda a gwada ko ya tsage kafin a kankare shi. A busar da ramukan noti, domin ruwa ko mai a ƙasan rami yana ba da ɗaurin ƙarya, har yakan tsaga bulok. Notukan da ake ƙarasa ɗaurinsu da kwana, wato a juya digiri 90 bayan awon farko, suna miƙewa, saboda haka ko a auna su bisa littafin injin ko a sa sababbi. Daga tsakiya ake ɗaurewa zuwa gefe, mataki-mataki, da sifanar awo, ba da bututu a kan sifana da ƙarfin damtse ba. Magungunan toshe gasket na gora kuwa, suna iya riƙe ɗan tsiyaya na wani lokaci a motar da ba ta cancanci a buɗe ta ba, amma inda hayaƙi yake tura ruwa waje da ƙarfi ba kasafai suke zama ba, kuma sukan toshe siraran hanyoyin hita da lagireto.

Bayan gyara kwalbar tana da sauran aiki. A wanke hanyoyin ruwa, a cika, a fitar da iska, a bar mota ta yi tafiyar kwana biyu ko uku, sannan a sake gwaji. Idan an yi shi nan take, ragowar hayaƙin da ya maƙale a ciki ko maganin wanki mai tsami zai iya rina ruwan. Ruwan gwajin da ya juya yakan koma shuɗi idan an zuƙa masa iska mai tsabta, shi ya sa wasu suke mayar da shi gora. Kada a yi, musamman in ruwan lagireto ya taɓa shi: yawancin kulant yana kashe tsami, ɗigo kaɗan ya isa ya hana gorar gaba ɗaya juyawa. A wanke kwalbar da ruwa mai tsabta, a bar ta ta bushe, gorar kuma a rufe ta gam a ajiye a inuwa, nesa da inda ake tayar da injuna.